Sharhi kan kocin waya mai alƙawarin toshe rauni a ɗaga ƙarfe

Tsarin horo na mako 12 na saya a hannun wani koci da ke aiki ta waya, irin waɗanda ke cika Instagram da alƙawarin gano maka inda rauninka yake su toshe shi. Ba zan kama suna ba, don irinsa suna da yawa kuma haja ɗaya suke talla. A Jidda nake zaune, ina aiki da rana, sai bayan isha'i nake samun zuwa nadi, wato gidan motsa jiki. Kuɗin kocin na wata ɗaya ya fi abin da nake biyan nadin kansa, shi ya sa na ga ya kamata 'yan'uwa su ji yadda ta kaya kafin wani ya tura riyal ɗinsa.

Ga wanda bai san wasan ba, ba shi ne wanda aka yi gasarsa ta duniya a Riyad a Satumbar 2023 ba, wancan na wurga ƙarfe sama da kai ne. Namu, wanda ake kira powerlifting, ɗagawa uku ce: sikwat, wato ka tsugunna da sanda a kafaɗa ka miƙe, benci, ka kwanta ka tura ta daga ƙirji, sai dedlif, ka ɗauke ta daga ƙasa har ka tsaya cak. A kowacce ana ba ka dama uku, alƙalai uku na kallo, a haɗa mafi nauyin da aka amince da shi a fitar da jimla. A ƙa'idar IPF, hukumar wasan ta duniya wadda aka kafa a 1972, nauyin jikina ya sa ni a ajin kilo 83. Lokacin da na fara da kocin ina sikwat da 150, benci 100, dedlif 185. Jimla 435 ke nan, a ajin da manyansa na duniya ke wuce 800. A riƙe wannan lissafin, don duk maganar a kansa take.

Bari in fara da alherinsa. Mutumin yana da ido. Kana jingina waya a gefe ka ɗauki bidiyo ka tura ta WhatsApp, shi kuma ya dawo maka da shi ya zana layuka, da saƙon murya. Shi ya nuna mini cewa sikwat ɗina ba ya kai ƙa'ida, domin dole lanƙwasar ƙugu ta sauka ƙasa da saman gwiwa, ni kuwa ina tsayawa kamar yatsa biyu a sama. A nadi kowa tafa mini yake, a gaban alƙalai kuwa jar fitila zan sha, wato ba za a amince da ɗagawar ba. Ya kuma lura sandar dedlif tana nisanta da ƙwabrina tun daga ƙasa, abin da ke jibga wa gadon baya nauyin da ba nasa ba. Ya koya mini auna wahala da ma'aunin RPE da Mike Tuchscherer ya yaɗa a wasan, inda 8 ke nufin da sauran ɗagawa biyu a jikinka ka ajiye. Wannan duka ya ci kuɗinsa.

Matsalar a jadawali take. Daga bidiyon farko ya yanke hukunci: sikwat na tsaya maka kaɗan bayan tasowa, to gaban cinya ne, benci na maƙalewa kusa da ƙirji, kafaɗa ce, dedlif na nauyi ƙasa da gwiwa, baya ne. Rauni uku, kowanne da nasa magani. Sai ga takarda cike da sikwat a kan akwati, benci da katako a ƙirji, ja daga kan tubali, robobi, sarƙoƙi, ga ƙananan atisaye na bayan damtse da bayan cinya har sai ka gaji da karantawa. Sikwat na ainihi, wanda za a yi a gasa, sau ɗaya ne cikin mako biyu. Nadinmu ba shi da sarƙa, robobin ma sai da na saya da kuɗina, kuma duk wanda ya san cunkoson nadi a Jidda da ƙarfe tara na dare ya san ba a riƙe wurin sikwat awa biyu ana ɗaure-ɗaure mutane na jira.

Wannan salon ba shi ya ƙirƙira ba. Na Westside Barbell ne, nadin koci Louie Simmons a garin Columbus na jihar Ohio a Amurka, wanda ya rasu a 2022. Tsarinsu kwana biyu na nauyi mai tsanani, kwana biyu na sauri, ana sauya nau'in ɗagawar akai-akai. Ya fitar da ƙarti, babu musu. Amma akasarin mutanensa suna gasa ne cikin riguna da wanduna masu tauri ninki-ninki, waɗanda ke miƙewa idan ka sauka su tallafe ka a ƙasa. Wanda riga ta ɗauke masa wahalar ƙirji, aikinsa ya koma ƙarasa miƙe hannu, don haka katako da sarƙa, masu ƙara nauyi a sama, sun dace da shi. Ni da bel kawai nake ɗagawa. Wahalata a ƙasa take, sai ga ni ina ɓata dare a kan rabin sama.

Akwai wani dattijo Bahaushen Sudan, mutumin Maiurno, da ya daɗe yana ɗaga ƙarfe a nadin, duk Kawu muke ce masa. Ya tsaya yana kallona ina fama da roba, sai ya ce, "Ɗana, nawa kake tsugunnawa da shi in babu wannan tarkacen?" Na ce, "150, Kawu." Ya yi dariya ya ce, "To ai ba cinyarka ce ba ta da ƙarfi ba, kai ɗin ne gaba ɗaya ba ka yi ƙarfi ba tukuna. Tsohon buhu kake wa faci." Na ji zafin maganar, amma da na zauna na duba, haka take. Inda sanda ke tsaya mini, nan take tsaya wa kusan kowa idan nauyi ya kai maƙura, saboda a wannan gaɓar ne gaɓoɓi ke cikin mafi munin yanayi kuma ƙarfin tasowar farko ya ƙare. Dole ɗagawar da ta fi ƙarfinka ta mutu a wani wuri. Ganin wurin a bidiyo bai tabbatar da cewa wata tsoka ɗaya ce ta gaza ba. Ranar da iyakata ta zama 200, kilo 150 zai wuce wannan gaɓar ba tare da ya san da ita ba.

Kuma akwai wata hanya da ta fitar da zakaru ba tare da wannan kaya ba. Koci Boris Sheiko na Rasha ɗagawar gasa yake sa mutanensa su yi ta maimaitawa sau da yawa a mako, galibi da kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na iyakarsu, ƙarin da yake yi kuma 'yan'uwan ɗagawar ne na kusa. Ed Coan, zakaran Amurka, ya ja kilo 409 a dedlif a 1991 yana ajin kilo 100, kuma an san shi da tsari mai sauƙi: nauyi na hawa mako bayan mako, yawan maimaici na sauka.

Da mako 12 suka cika na gwada. Sikwat bai motsa ba, sandar ma sai na ji ta baƙuwa a kafaɗa don mun daɗe ba mu haɗu ba. Dedlif ya ƙaru da kilo 5, kuma na fi danganta wannan da gyaran da ya yi mini na matso da sanda. Benci ne ya ba ni mamaki, ya hau da 7.5. A nan dole in yi masa adalci, don cikin duk magungunansa akwai ɗaya da ya ci: benci mai tsayawa, ka sauke sanda a ƙirji ka ƙirga biyu ko uku kafin ka tura. Da can dukan ƙirji nake da ita ta yi tsalle, alhali a gasa sai ta tsaya cik alƙali ya ba da umarni. Wannan rauni ne na gaske, na ɗabi'a, ana ganinsa ƙuru-ƙuru, kuma maganinsa benci ne dai da ɗan ƙari.

Wani abin da ya ɓata mini rai, bai taɓa tambayata barci ko abinci ba. Mai son tsoka ta ƙaru yana buƙatar furotin wajen giram 1.6 a kowane kilo na jikinsa a rana, ni kuwa shinkafar bukhari ce da rabin kaza in an samu. Da azumi ya shigo na gaya masa sai bayan tarawi nake horo, barci kuma ya rabu gida biyu, ya ce in ci gaba da jadawali yadda yake. Amsa ma wani lokaci sai ta kwana biyu.

Da na kai ƙorafi bai yi gardama ba. Ya sake rubutawa: sikwat sau biyu a mako, benci uku, dedlif ɗaya, kowace rana ƙari ɗaya ko biyu. A kan wannan nake yanzu, kuma sikwat ya fara tafiya.

Wanda ya shekara da shekaru yana gasa, jimlarsa ta tsaya duk da ya ci ya yi barci, wataƙila tsarin farko ya amfane shi. Mai irin lissafina ya tambayi koci tun kafin biya: sau nawa a mako zan yi sikwat, benci da dedlif na ainihi? Ni dai na soke cikakken tsarin, na bar duba bidiyo kaɗai sau ɗaya a wata, robobin kuma na ba wani yaro da ke gyaran kafaɗa.