Wasan waƙa a Bukoki ya ci kuɗinsa

Wata ƙaramar ƙungiya a unguwar Bukoki, nan Yamai, ta rufe wasanninta na sanyin bana. Irin wasan da Turawa ke kira opera ne, wanda ya faro a Italiya wajen 1600: ba a magana, duk labarin cikin waƙa yake. Amma su da gurmi, goge da kalangu suka yi nasu.

Wanda ya fi ratsa ni shi ne na Sarauniya Mangu, wadda ta tari sojojin Faransa a Lugu cikin 1899. Yarinyar da ta fito a Sarauniya, Allah ya ba ta murya! Da ta ja baitin rantsuwa, goge na bin ta a hankali, wata tsohuwa kusa da ni ta rangaɗa guɗa, idonta jage-jage da hawaye.

Wasan auren dole kam ya yi tsawo, kuma lasifika na ta ƙara tana danne 'yan amshi. Su gyara wannan, don Allah.

Jika guda aka biya kuɗin shiga. A waje ake zama bisa benci, in sun sake yi kuma za ku je da yara, ku riƙe musu bargo.