Kwanan tanti da iyali: Akosombo ko Wli?

Magidancin unguwar Nima ta birnin Accra a Ghana da ke son fita da iyalinsa ba tare da kashe kuɗi da yawa ba zai iya auna wurare biyu. Na farko shi ne kwazazzabon kogin Volta a Akosombo, inda aka kammala madatsar ruwa a 1965. Tafiyar gajera ce daga Accra, kuma a hanya ake wuce gandun dajin Shai Hills, inda yara za su ga bareyi da gwaggon biri, waɗanda kan fito har bakin titi, don haka sai a ɓoye abinci. Sai dai kada a bar yara su shiga ruwan da ba ya gudu, saboda tsargiya.

Wli kuwa, kusa da Hohoe a kan iyakar Togo, ya fi sanyi da kyan gani: ana bin kogin Agumatsa a ƙafa, ana haye ƙananan gadoji, har a isa mafaɗar ruwan da jemagu suka lulluɓe duwatsunta. Amma nisan yakan ninka kuɗin mota, kuma da damina hanyar tana da santsi. Mai ƙananan yara, a ganina, Akosombo ta fi masa sauƙi.