NFS, SMB ko SSHFS: abin dubawa kafin ka jona ma'ajiyar fayiloli da sabarka

Duk wanda ya taɓa jona wata ma'ajiya ta cikin ofis da sabar yanar gizo ya san wannan ciwon kai. Ka shiga sabar da asusunka, ka buɗe foldar, ga fayiloli nan reras. Amma da manhajar shafinka da aka rubuta da PHP ta je ɗauko hoto ɗaya sai a ce ba ta da izini. Dalili shi ne ba da sunanka take aiki ba. A nau'o'in Linux na Debian da Ubuntu, Apache, manhajar da ke miƙa shafukan yanar gizo, na gudana ne da asusun www-data mai lamba 33, a dangin Red Hat kuma da asusun apache mai lamba 48. Don haka kafin ka biya kuɗin akwatin NAS, wato na'urar ajiye fayiloli da ake jonawa ta netwok, na Synology ne ko QNAP, ko ka harhaɗa naka da TrueNAS, tambayi kanka: ta wace ƙofa wannan asusun zai shiga?

Cikin hanyoyin jonawa uku, NFS da SMB da SSHFS, NFS ce dattijuwar, kamfanin Sun Microsystems ya fito da ita a 1984. Idan injinanka duk Linux ne, ita ta fi dacewa, ga sauƙin nauyi. Sai dai a tsarinta na yau da kullum ba ruwanta da suna, lamba take kallo. Idan fayil na mai lamba 1000 ne a kan ma'ajiyar, www-data kuma 33 ce a kan sabar, to baƙuwa ce, sai abin da aka bar wa kowa da kowa. Kada ma ka ce za ka gyara da root, asusun mai cikakken iko, daga sabar, domin saitin root_squash na NFS na mayar da shi asusun nobody marar iko. Mafita ita ce a daidaita lambobin a ɓangarorin biyu, ko a sa all_squash tare da anonuid a kan ma'ajiyar, waɗanda ke mayar da duk mai shigowa lamba ɗaya da ka zaɓa. Saboda haka ka tabbatar akwatin da za ka saya yana barin ka taɓa waɗannan saituna.

SMB, wadda Linux ke jonawa da sunan cifs, ita nake ba yawancin ƙananan ofisoshi da makarantu shawara, musamman inda sakatare ke zuba takardu daga Windows, shafin yanar gizo kuma yana karanta su. A nan asusu ɗaya da kalmar sirri ake shiga da su, kai kuma ka faɗa wa Linux wanda zai zama mai fayilolin: uid=33, gid=33, da file_mode da dir_mode na izinin fayiloli da foldoji. Idan ka manta, komai zai bayyana a matsayin na root, manhajar ta iya karantawa amma ta kasa ajiye komai. Mutane kan ɓata yini guda suna buga chmod 777, umarnin da ke buɗe wa kowa izini, a banza, alhali gyaran yana cikin layin /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa ma'ajiyoyin da Linux ke jonawa. Kalmar sirrin kuwa a sa ta a wani fayil daban ta hanyar credentials=, domin kowa na iya karanta fstab. Tsohon akwati mai araha da bai san komai ba sai SMB1, tsohon sigar SMB, bar wa mai shi kayansa. Ta wannan kafar muguwar manhajar nan WannaCry ta yi ɓarna a 2017.

Mai amfani da IIS, manhajar sabar yanar gizo ta Windows, yana da nasa tarkon. Harafin Z: da ka jona ma'ajiyar da shi naka ne kai kaɗai, na zaman da ka shiga. IIS ba ya ganin sa. Cikakken adireshi irin \\sabar\folda za ka ba manhajar, sannan ka ba asusun da take gudana da shi izini a can.

SSHFS daɗin kafawa gare ta, SSH kawai take buƙata, wato hanyar shiga sabar daga nesa cikin tsaro. Amma wanda ya jona ta shi kaɗai ke gani, sai an ƙara allow_other. Ta gwaji ce da aikin kwana biyu, ban yarda a ɗora mata shafin da jama'a ke shiga ba.

Akwai abin da ya shafi dukkansu. Idan SELinux, ƙarin tsarin tsaro na Linux, na kunne, ko izini ya yi daidai sai ka buɗe httpd_use_nfs ko httpd_use_cifs da setsebool -P. Ka duba kuma ko open_basedir na PHP, mai ƙayyade foldojin da manhaja za ta iya buɗewa, bai killace manhajar ba. Sannan batun wuta, wanda mu nan ba baƙonmu ba ne: idan aka ɗauke aka dawo da ita, sabar takan riga NAS farkawa, ta tarar babu ma'ajiya, manhajar ta ci gaba da zuba fayiloli a foldar da ba komai a bayanta. Sa _netdev da x-systemd.automount a fstab domin sabar ta jira netwok, ta kuma jona ma'ajiyar idan aka nemi foldar, kuma ka lissafa kuɗin UPS cikin kasafin tun farko. Rumbun bayanai na SQLite kuwa kada ya kwana a kan irin wannan ma'ajiya, masu shi da kansu sun yi gargaɗi kan matsalar kulle fayil.

In mai sayarwa zai yarda, gwada kafin ka biya: jona akwatin, ka buga sudo -u www-data touch gwaji.txt a cikin foldar, wato ka ƙirƙiri fayil da sunan www-data. Idan fayil ya fito, a yi ciniki. Idan ya ƙi, namei -l zai nuna maka foldar da ta tare hanya.