Digiri na Biyu kan Gina Gidaje da Tsara Birane a Ingila: Abin da Na Samu da Abin da Ban Samu Ba

Kwana biyu da dawowata na je gaishe da kawuna, wanda ya fi shekara 30 yana dillancin filaye a Kano. Bayan mun gaisa ya ce, "To ɗana, me aka karanto mana?" Na ce, "Kawu, harkar gina gidaje ce da tsara birane." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Su a can wa ke sa wa fili kuɗi?" Na daɗe ina juya tambayar nan a raina, domin kusan duk abin da na amfana da shi a wata 12 da na yi a Ingila amsarta ce. Ƙanne da abokan aiki da dama sun tambaye ni ko kwas ɗin ya cancanci kuɗinsa, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Digirina na farko a kan tsara birane na yi shi a nan gida, na kuma yi shekara shida a wani kamfani mai yanka filaye da gina rukunin gidaje. Na iya zana taswirar unguwa, na san inda hanya za ta bi da inda za a bar wa makaranta da masallaci. Amma da zarar an zauna maganar kuɗi sai a ce mu masu zane mu ɗan ba da wuri. Abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na nemi kwas ɗin da ya haɗa ɓangarorin biyu. Na tafi a watan Satumba na 2023, wata jami'a a tsakiyar Ingila.

Maganar kuɗi tukuna, don ita ce ta fi gasa mini aya a hannu. Kuɗin makaranta kaɗai ya haura fam 20,000, ga haya, ga kuɗin lafiya da ake biya tare da biza. Na yi lissafina ne lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, kafin Fabrairun 2024 dala ta wuce 1,500. Kashi na biyu na kuɗin makaranta sai da na sayar da fulotin da na ajiye don ginin kaina. Doka ta ba ɗalibi damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu, amma abin da ake samu haya da abinci yake rufewa, ba ya taɓa kuɗin makaranta. Mai iyali kuma ya sani cewa tun daga Janairun 2024 an hana masu irin wannan digirin na shekara ɗaya tafiya da mata da 'ya'ya.

Karatun zango biyu ne na aji, sai bazara a rubuta kundin bincike. Darasin da ya biya ni wahalata shi ne na ƙididdige darajar fili. A wajenmu ana sa wa fili kuɗi ne da abin da aka sayar da na maƙwabta, a ɗora wani abu a kai, dillali ya cire la'adarsa. Su kuwa daga ƙarshe suke farowa su dawo baya. Bari in kwatanta da naira. A ce fili zai ɗauki gida 10, kowanne za a sayar miliyan 60, ka ga miliyan 600 ke nan. Cire kuɗin gini, a ce 330. Cire na masu zane da injiniyoyi da lauya da takardun izini, 35. Cire hanya da kwalbati da ruwa da wuta, 45. Cire abin da bashin banki zai ci, 30. Cire ribar mai aikin, 100. Abin da ya rage, miliyan 60, shi ne iyakar abin da za ka iya biya a kan filin nan. In mai fili ya kafe a kan 100, ka yi masa sallama cikin mutunci ka kama gabanka.

Inda malaminmu ya fi matsa mana shi ne abin da ke biyo baya. Sai ya ce kowa ya buɗe Excel ya rage farashin sayar da gidajen da kashi 10 cikin 100 kawai, ya ga abin da zai faru. A misalin nan namu, ko ka rage ribar mai aikin zuwa 90, darajar filin daga miliyan 60 za ta faɗo 10. Ranar da na ga wannan da idona na tuna gine-ginen da suka tsaya a linta a gefen Abuja da Kano, ciyawa ta cinye su. Da yawansu ba cuta ce ta tsayar da su ba, tun ranar da aka sayi filin aikin ya mutu, masu shi ba su sani ba. Daga baya an koya mana manhajar Argus Developer, wadda kamfanonin can ke aiki da ita, amma sai da aka tabbatar kowa ya iya lissafin da hannunsa.

Darasi na biyu shi ne dokar tsara ƙasa. Tun dokar 1947, mallakar fili a Ingila ba ta ba ka ikon gini a kansa, sai ka nemi izini daga majalisar yankinku. Saboda haka gonar da aka ba izinin gina gidaje takan ninka darajarta sau da yawa a rana ɗaya, alhali mai ita ko bulo ɗaya bai aza ba. Tunda hukuncin jama'a ne ya haifar da wannan ƙarin, sai suka ce jama'a ma suna da kaso a ciki. A ƙarƙashin sashe na 106 na dokar 1990, majalisa kan ɗaure mai gini da yarjejeniya: wani kaso na gidajen ya zama na masu ƙaramin ƙarfi, ya ba da kuɗin faɗaɗa makaranta, ya gyara mahaɗar hanya. Muna cikin karatun ma, a Fabrairun 2024, aka fara tilasta wa manyan ayyuka su bar muhallin tsirrai da halittu ya fi yadda suka same shi da kashi 10 cikin 100. Ba na cewa tsarinsu ba shi da aibu. Gidaje sun yi musu tsada ƙwarai, matasa da yawa ba sa iya saye, kuma har a ajinmu ana ta muhawara kan zoben filayen da aka hana gini a kewayen Landan da sauran manyan birane. Masu gini kuma sun ƙware wajen kawo lissafin da ke nuna aikin ba zai fitar da riba ba in aka ɗora musu gidajen talakawa, don a rage musu.

An tura mu kallon zaman kwamitin ba da izinin gini na wata majalisa, da yamma, a wani zaure da kowa ke iya shiga. Ana maganar gidaje ne a bayan wata tsohuwar unguwa. Jami'in tsara gari ya karanta rahotonsa, ya ba da shawarar a amince. Sai aka kira wata tsohuwa mai sanda, aka ce tana da minti uku. Ta ciro takarda daga jakarta, hannunta na ɗan rawa, ta ce duk lokacin da aka yi ruwa mai yawa lambunta ne ke cika, kuma filin da za a gine shi ne ke shanye ruwan. Ta miƙa hotuna. Kansiloli suka juya kan injiniyan kamfanin da tambayoyi har ya fara laluben takardu. A ƙarshe an ba da izinin, amma da sharaɗin ba za a aza tubali ba sai an kawo tsarin magudanar ruwa an amince da shi. A bas ɗin komawa ban iya magana da kowa ba. Unguwarmu nake tunani, da kududdufin da aka cike aka yanka fuloti muna yara, da yadda tun daga lokacin duk watan Agusta mahaifiyata ke ɗora buhunan hatsi a kan benci. Ba wanda ya taɓa tambayarta ko da minti ɗaya.

A zango na biyu aka raba mu rukuni-rukuni, aka ba mu wata tsohuwar masana'anta a bakin mashigin ruwa, aka ce mu fito da abin da za a gina da yadda zai biya kansa. Mun je wurin sau uku cikin sanyi da yayyafi. Mun kai ziyara King's Cross a Landan, inda aka mayar da eka 67 na tsofaffin filayen jirgin ƙasa unguwa sukutum. A ƙarshe muka gabatar da aikinmu gaban ma'aikatan kamfanoni na gaske, ba su kuma raga mana ba. Wata mata a cikinsu ta tambaye ni nawa na ware don tsabtace ƙasar da masana'anta ta gurɓata, na ce ban ware ba. Ta ce to lissafina duka ya rushe, kuma gaskiyarta ne.

Sai inda kwas ɗin ya gaza mini. Fiye da rabin ajinmu baƙi ne, daga Najeriya da Indiya da Sin da ƙasashen Larabawa, kuma mu ne ke biyan kuɗi mafi yawa, amma abin da aka ware wa biranen ƙasashe irin namu bai wuce mako ɗaya ba. Shi ma hotunan unguwannin talakawa ne na Nairobi da Legas, aka nuna aka wuce. Duk lissafin da aka koya mana ya ginu ne a kan abubuwan da su suke da su. A can kana zaune a ɗakinka za ka duba nawa aka sayar da kowane gida a layinku tun daga 1995, domin hukumar rajistar filaye ta sa bayanan a intanet kyauta. Mu a nan farashin gaskiya yana cikin kan dillali da mai unguwa. A can kuɗin ruwan babban banki yana kashi 5.25 a lokacin, suna ta kuka ya yi yawa, namu kuwa ya kai 27.5 kafin ƙarshen 2024. Da irin wannan ba mai gina gida da bashin banki ya kwana lafiya. Da na tambayi malamin yadda lissafin zai kasance ga wanda ba ya mu'amala da riba, ko mai gini da kuɗin masu saye kashi-kashi, ko da adashi, sai ya ce tambaya ce mai kyau, in bincika. Haka nan ba a taɓo yadda rabon gado ke farfasa gida ɗaya ya zama huɗu ba, ko Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta sa cinikin fili mai takarda ba ya kammala sai da amincewarsa. Waɗannan duk ni na zauna na haɗa wa kaina.

Mai duba kundina mutumin kirki ne, sai dai ɗalibai sun yi masa yawa, a bazara kuma sai in yi mako biyu ina jiran amsar saƙo. Na rubuta ne a kan unguwannin awon igiya na gefen Kano, ina bin tsofaffin hotunan Google Earth shekara bayan shekara ina ganin gonaki na komawa gidaje ba tare da an bar wurin makaranta ko lambatu ba. A ɗakin karatun jami'ar na fara riƙe tsarin da masanin tsara birane Trevallion ya yi wa birnin Kano, na 1963 zuwa 1983, da wanda takwaransa Max Lock ya yi wa Kaduna a 1967. Na ji daɗi, na kuma ji ciwo, a ce sai da na ƙetare teku na ga takardun garinmu a adane.

Wanda ke niyya ya tabbatar kwas ɗin yana da amincewar RTPI, ƙungiyar masu tsara birane, ko RICS ta masu ƙiyasin kadarori, ko duka biyun. Ya kuma san cewa digirin ba ya mayar da shi cikakken mamba, sai ya yi aiki na wajen shekara biyu an tantance shi. In gida zai dawo, rajista da TOPREC, hukumar rajistar masu tsara birane ta Najeriya, ko ESVARBON ta masu ƙiyasin kadarori, hanya ce daban. Wanda bai taɓa aiki ba, daga bautar ƙasa sai jirgi, ban ba shi shawara ba, domin ba zai san abin da zai ɗauka da abin da zai bari a can ba. Wanda kuma sai ya ci bashi ko ya sayar da gidan gado, ya duba jami'o'inmu na gida tukuna, akwai masu sashen tsara birane ko na kula da kadarori a Zariya da Kano da Bauci da Minna, sannan ya nemi wanda zai koya masa lissafin nan da gaske. Amma mai shekara biyar ko fiye a fagen, da ya samu tallafin karatu ko yake da hali, zan ce masa ya tafi.

Watan jiya kawu ya kira ni kan wata gona da ake son yankawa a hanyar Gwarzo. Na tafi da kwamfutata muka zauna a kan tabarma a zaurensa. Na nuna masa cewa in aka bar hanya mai faɗi da magudanar ruwa da filin makaranta, fulotan za su ragu, amma kowanne zai fi tsada kuma zai fi saurin shiga. Ya sa na maimaita lissafin sau biyu, ya gyara mini farashin fuloti a yankin, don nawa ya yi ƙasa da na kasuwa. Sannan ya ce, "Ɗana, ranar Asabar ka shirya, kai za ka yi wa magadan bayani da bakinka." Magadan su tara ne, biyu sun yarda, sauran sun ce sai sun yi shawara da babban yayansu da ke Legas.