Kafin Ka Zuba Miliyoyi a Kan Lasifika: Klipsch, KEF ko Bowers & Wilkins?

Duk mai shirin haɗa kayan sauti na gaske a falonsa, tambayar da yake fara jefa wa mai shago ita ce: "Wat nawa ce?" Mai shago kuwa abin da yake jira ke nan, sai ya nuno maka kwali mai 5000W PMPO da jan rubutu. Wannan lamba ba ta da wata ma'ana, ado ce kawai ta kwali. Abin dubawa shi ne ƙarar da lasifika ke bayarwa in an ba ta wat ɗaya ka tsaya mita ɗaya daga gabanta, wadda ake rubutawa da dB, ma'aunin ƙarfin ƙara. Ƙa'idar ba wuya: duk ƙarin dB 3 yana cin wuta ninki biyu daga amfilifaya, wato na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, ƙarin dB 10 kuma ninki goma.

Wannan lissafi ne ya sa na tsaya a kan Klipsch, ba na kuma ɓoyewa. Paul Klipsch ya kafa kamfanin a 1946 a garin Hope da ke jihar Akansas ta Amurka, kuma har yau a can ake haɗa jerin da suke kira Heritage. Dabararsu ita ce sanya wa ƙananan bakunan lasifikar ƙaho mai buɗewa, yadda wuta kaɗan za ta motsa iska mai yawa. Forte IV ta wannan jeri, wadda ita ce zaɓina, kamfanin ya rubuta mata dB 99. KEF LS50 Meta da ake ta yabo dB 85 ce. Tazarar dB 14 ke nan, wato a takarda abin da wat 4 za ta yi a Forte sai an nemi wajen wat 100 kafin KEF ta yi shi. Masu auna kaya da ba na kamfani ba sukan samu lambar Klipsch ta gaza abin da aka rubuta da 'yan dB, amma ko an zabge wannan, ratar tana nan da girmanta. Wanda gidansa ke kan inbata da batir rabin yini ya san amfanin amfilifayar da ba ta zuƙar wuta ba ta kuma ɗaukar zafi.

Forte IV na da babban baki mai inci 12 a gaba, da wani mai inci 15 a baya wanda ba a jona masa waya ba, iskar cikin akwatin ce ke kaɗa shi. Shi ya sa bas ɗinta ke sauka har wajen 38Hz, wato sauti mai zurfi sosai, ba tare da ta yi gunji ba. Sa mata kiɗan kalangu ka ji: bugun yana fitowa da kaifinsa, ka ji lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya sautin ya ɗaga, ka ji ya saki. Muryar mawaƙi kuma tana tsayawa cak a tsakiyar falo. Ko da daddare an rage ƙara saboda yara na barci, sautin ba ya mutuwa, kuma a nan ne yawancin lasifikoki masu tsada ke faɗuwa. Laifinta ɗaya ne: falonmu tayil ne da bangon siminti, ƙaho kuma ba ya yafiya. In babu kafet mai kauri da labule, manyan sautuka za su riƙa sukar kunne har ka ce ƙarya na yi maka. A ba ta ɗan fili tsakaninta da bango saboda bakin bayan nan. Lokacin da ta fito a 2021 ana sayar da biyun wajen dala 4,500. In falon ƙarami ne, ƙanwarta Heresy IV ta isa, sai dai bas ɗinta bai kai can ƙasa ba. In kuwa falon ya kai na saukar baƙin biki, Cornwall IV mai inci 15.

Sauran fa? LS50 Meta tana da tsabtar sauti, amma bakinta inci 5 da kwata ne, ta ɗakin karatu ce. Bowers & Wilkins jerin 800, waɗanda ake aiki da su a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a Landan, ba a raina su, sai dai babbarsu ta kai kilo 100 kuma sai ka sake kashe wani kuɗin a kan amfilifayar da za ta iya ɗaukarta. Focal ta Faransa na yin ƙaramin bakin lasifikokinta masu tsada da ƙarfen beriliyom, wanda ƙurarsa guba ce in ya fashe, ni kam ba zan ajiye shi inda yatsun yara ke yawo ba. MartinLogan kuwa allo ne mai riƙe da cajin lantarki, ga shi yana jan ƙura. Mai zaune a inda hunturu ke sauka ya san ƙarshen zancen.

Amma duk wannan kwatance banza ne in abin da ka kai gida ba shi ba ne ka biya wa kuɗi. An taɓa sayar mini da wasu 'yan gwanjo, akwati na asali, tambari na asali, nauyi ma daidai. Da aka kwance, ƙaramin bakin ɗaya ba nata ba ne, an ɗauko na wata araha an liƙe da gam, an kuma tsallake allon da ke raba sauti an jona waya kai tsaye. A cikin hayaniyar kasuwa da ƙarar janareta ba kunnen da zai kama wannan. Mai kayan kuwa rantsuwa yake: "Wallahi Alhaji yadda ta sauka daga kwantena ke nan."

Saboda haka in ta hannu za ka saya, je da tocila da mitar masu gyara. Fara da kusoshin da ke riƙe da bakunan: in kawunansu sun goge ko fentin ya kankare, an taɓa buɗewa, sai a gaya maka dalili. Ɗora mitar a jar kafar waya da baƙa na kowace lasifika, ka karanta lambar ohm da ta nuna. Lambobin biyu su zo kusan ɗaya, in sun yi nisa da juna akwai magana. Sa yatsu huɗu ka danna babban bakin a hankali, ya shiga ya fito shiru. In ka ji ƙarar gogayya, wayar ciki ta taɓa ƙonewa. Dubi zoben da ya kewaye bakin, musamman a tsofaffin da aka yi da soso, domin zafi da daɗewa na mayar da shi gari. Sannan a rage ƙara ƙasa sosai ka kai kunne bakin kowanne ɗaya bayan ɗaya. Mai saurin ƙure maka ƙara tun ba ka nema ba, wani abu yake rufewa.

A jerin Heritage akwai wata shaida mai sauƙi. Kamfanin na fitar da su biyu-biyu, lambobinsu na bin juna, zanen katakon da aka lulluɓe su da shi kuma daga itace ɗaya aka yanko, na hagu na kallon na dama. In lambobi sun yi hannun riga ko launin katako ya bambanta, haɗe-haɗe ne, farashi ya sauka ko ka kama gabanka. Sunan da ya yi kama da na wani babban kamfani amma harafi ɗaya ya canza, da takardar farashin dala dubbai a manne a kwali, da labarin "saura ce daga kwangilar wani otal", duk tsohuwar damfara ce da aka daɗe ana yi har a Turai da Amurka. Wasu har ƙarfe ko siminti suke sakawa a cikin akwati don ya yi nauyi a hannu.

In kuma daga Amurka za a haɗo maka da amfilifaya, duba bayanta tukuna. Lasifikar ba ruwanta da wutar bango, amma amfilifayar can ta 120V ce, tamu kuwa 230V. Ka sa a rubuta lambobin lasifikokin biyu a kan rasit, da sharaɗin za ka gwada su a falonka ka dawo da su in ba su yi ba. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, bar masa kayansa.