Waiwaye ko bin sawu: wanne ya dace da aikin binciken ɗalibar likitanci?

Ƙanwata, kin ce kina shekarar ƙarshe, wata shida ya rage miki, kuma kina so ki gano ko rashin zuwa awon ciki yana da alaƙa da jijjigar masu juna biyu. Abin da ya ɗaure miki kai shi ne hanyar da za ki bi: binciken waiwaye, wanda a aji ake kira kes-kwantirol, ko binciken bin sawu, wato kohot.

Mutum biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, sun gwada hanyoyin biyu a kan tambaya guda: me ya sa kansar huhu ke yawaita? Da farko sun yi waiwaye. Suka shiga asibitoci 20 a Landan, suka sami maza 649 masu cutar, da wasu maza 649 da ke kwance da wasu cututtukan daban, suka tambayi kowa tarihin shan tabarsa. A cikin masu kansar, mutum 2 kacal ne ba sa sha. A ɗaya rukunin, 27. Sun wallafa wannan a 1950. Doll kansa yana shan taba, kafin aikin ya ƙare ya yar da ita.

Sai a 1951 suka juya. Suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambayoyi, kimanin 40,000 suka amsa, aka zauna ana bin su ana rubuta wanda ya mutu da abin da ya kashe shi. Sakamakon farko ya fito a 1954, na ƙarshe a 2004, bayan shekara 50, ya nuna mai shan taba tsawon rayuwarsa yana asarar kimanin shekara 10.

Bin sawu ya fi ƙarfin hujja, ba na musu. Kin san abin da ya riga wani faruwa, kuma kina iya ƙidaya ainihin haɗarin. Amma ki duba naki aikin. Jijjiga ba ta samun yawancin mata, sai kin bi ɗaruruwa kafin ki ga ’yan kaɗan. Matan da ba sa zuwa awo kuma ba za ki same su a asibiti ba, sai kin bi su gida-gida. Ga jiran haihuwa, ga lambar waya da za a ce miki a kashe take, ga wadda ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani gari. Kowace mace da ta ɓace miki tana rage darajar lissafinki.

Don haka waiwaye nake ba ki shawara. Amma kada saurinsa ya ruɗe ki, ramukansa biyu ne masu zurfi. Na farko, zaɓen waɗanda za ki kwatanta da su. Idan masu jijjigar daga ƙauyuka aka turo su cikin gaggawa, su kuma na kwatancen matan birni ne da suka zo haihuwa da katinsu a jaka, to nisan gida da halin aljihu kika auna, ba awo ba. Ki nemo su daga yanki ɗaya, ki rubuta shekaru da yawan haihuwa, domin cikin fari da kansa yana ƙara haɗarin jijjiga. Na biyu, tunawa. Wadda ta sha wuya ta daɗe tana tunanin inda aka yi kuskure, amsarta ba za ta yi kama da ta wadda ta haihu lafiya ba. Ki nemi ganin katin awo, kada ki tsaya ga abin da baki ya faɗa.

Ni ma da nake ɗalibi na kwashe mako biyu a ɗakin ajiye fayiloli na wani asibiti, ƙura har cikin hanci. Na buɗe fayil bayan fayil, gurbin awon ciki babu komai a rubuce. Abin ya yi min ciwo, don na riga na tsara komai a kansu. Kafin ki miƙa takardarki ga kwamitin ɗa’ar bincike, ki roƙi malaminki ya samo miki izinin duba fayil 20. Idan gurbin nan fayau yake a yawancinsu, ki tsara hira da matan a ɗakin masu jego kafin a sallame su, da yardarsu a rubuce.