Imlil da Tsaunin Tubkal: Wace Hanya Za Ka Bi Idan da Yara a Tafiyar?

Duk wanda ya zaga ofisoshin masu shirya yawon buɗe ido a birnin Marakesh na ƙasar Maroko, abu na farko da za a tallata masa shi ne "Tubkal a kwana biyu". Tsaunin Tubkal mita 4,167 ne, babu wanda ya kai shi tsawo a duk Arewacin Afirka, kuma ƙauyen Imlil da ake tashi daga cikinsa bai wuce tafiyar awa ɗaya da rabi a mota daga birnin ba. Kusancin nan ne ke ruɗin magidanta, har su biya wa kansu da 'ya'yansu kuɗin tafiyar da ƙarti ma ke dawowa daga ita suna ɗingishi. Alhali daga Imlil hanyoyi sun rarrabu, kuma mafi yawansu sun fi ƙololuwar dacewa da iyali.

Kafin a kwatanta su, a ajiye lissafin kilomita gefe guda. Lamba biyu ake tambaya a dutse: mita nawa za a hau a yinin, kuma a wane tsawo yaro zai kwana. Masu hawa suna ƙiyasta awa ɗaya ga kowane kilomita 5, su ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan lissafin babba ne mai lafiya. Idan da ɗan shekara bakwai a ayarin, a ƙara rabin abin da ya fito. Batun kwana kuwa, ciwon da ƙarancin iskar numfashi ke jawowa yakan fara bayyana daga wajen mita 2,500. Imlil tana kusan mita 1,740. Jos da muke kukan sanyinta ba ta kai 1,300 ba, Kano kuwa ko 500 ba ta cika ba, don haka jikin ɗan Kano na bukatar kwana ɗaya a Imlil yana hutawa kafin a sa shi hawa.

Akwai maganar da masu tallan ba za su yi maka ba, domin baƙinsu yawanci Turawa ne: sikila. Ƙarancin iska, sanyi da ƙishirwa su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma dutse ya haɗa ukun a wuri guda. Yaro mai SS ko SC, ko Imlil ɗin kanta kada a kai shi sai likitansa ya amince. Mai AS ma, wanda a gida ba ya jin komai, an san saifarsa na iya samun matsala a wuri mai tsawo sosai idan ya wahalar da jiki. Ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, dalili ne na sauka nan take a nemi asibiti.

Hanya mafi sauƙi ita ce zagayen Imlil zuwa Arumd. Arumd ƙauye ne da aka gina a kan tulin duwatsu, ya ɗara mita 1,900 kaɗan, wato hawan bai wuce mita 200 ba. Ana bi ta cikin inuwar itatuwa da gonakin tuffa, a gefen 'yan magudanan da manoma ke jan ruwa da su zuwa fadamunsu masu hawa-hawa, a ratsa ta wajen wata 'yar matsirgar ruwa, a dawo cikin awa biyu zuwa uku. Ɗan shekara huɗu zai iya rabinta da ƙafarsa. Aibinta ɗaya: ba daji ba ce, cikin mutane ake tafiya, kuma ranakun ƙarshen mako 'yan Marakesh kan cika wajen ruwan. Amma ita ce ma'aunin da ya kamata kowane iyali ya fara da shi. Yaron da ya yi Arumd ya dawo yana neman abinci yana tsalle, gobe a ƙara masa. Wanda ya dawo da ciwon kai ya ƙi cin tajin, girkin Maroko na nama da kayan lambu, a bar shi ya ƙara kwana.

Mataki na gaba zaɓi ne tsakanin hanya biyu da ke kaiwa tsawo kusan ɗaya a saman dutse, wajen mita 2,300, amma halinsu ya sha bamban.

Ta farko ita ce Sidi Shamharush, a kan babbar hanyar Tubkal. Bayan Arumd ana tsallaka wani faffaɗan kwari cike da duwatsun da ambaliya ta kwaso, sai hanya ta miƙe tana lanƙwasa a jikin dutse, babu inuwa. Awa biyu da rabi zuwa uku daga Imlil, sai ga wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti, wurin ziyara da mutanen yankin ke dangantawa da sarkin aljanu, kewaye da 'yan rumfuna. A nan za ka ga kwalaben lemo jere cikin ruwan da aka janyo daga rafi yana zuba a kansu, firjin dutse ke nan, ga mai matse lemon zaƙi a gefe. Yara na son wurin. Matsalar ita ce duk kayan da ake kaiwa masaukan masu hawan Tubkal da ke can sama ta nan suke bi a bayan alfadarai, kuma hanyar ba ta da faɗi. Dokar da za a cusa wa yaro tun daga gida: idan alfadari ya taho, a manne da ɓangaren dutse, kada a tsaya ta ɓangaren rami, domin kayan da ke bayansa sun fi jikinsa faɗi kuma ba ya kaucewa. Haka nan a wannan hanya ce jami'an tsaro ke duba fasfo. Tun bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido a Disamba 2018 aka wajabta tafiya da ɗan jagora mai lasisi ga mai nufin Tubkal, don haka fasfon kowa, har na yara, ya kasance a jaka.

Ta biyu ita ce mashigar Tizi n'Tamatert, mita 2,279, gabas da Imlil. "Tizi" a harshen Tashelhit na mutanen wurin na nufin mashiga tsakanin tsaunuka biyu. Hawan kamar awa biyu ne ta ƙauyen Tamatert, kuma daga sama ana hango kwarin Imnan da ƙauyukansa manne a jikin dutse. Abin da ya sa ta fi Sidi Shamharush dacewa da mai ƙananan yara shi ne titin mota ya ratsa ta mashigar zuwa ƙauyen Tashedirt. Idan yaro ya gaji, ko ya yi targaɗe, ko hadari ya haɗo, waya ɗaya ce mota ta zo. A Sidi Shamharush kuwa babu mafita sai ƙafa ko alfadari. Wanda ke ganin titi na rage armashin daji yana da gaskiya, sai dai uban da ya taɓa saukowa da yaro mai kilo 20 a kafaɗa ba zai yi wannan ƙorafin ba.

Ga iyalin da ƙaraminsu ya kai shekara tara ko goma, babu kamar kwarin Azzaden. Ana haura Tizi n'Mzik, mita 2,489, hawan wajen mita 750 daga Imlil, sannan a gangara zuwa ƙauyen Tizi Usem, yini guda na awa biyar zuwa shida. Hikimar wannan hanya ita ce ana taɓa sama da rana amma a kwana ƙasa da mita 2,000, abin da jiki ya fi so ke nan. Ƙasar kwarin ja ce, gidajen ma da ita aka yi su, baƙi ba su da yawa, kuma ana kwana a masaukin gidan mutanen ƙauye: katifa a ƙasa, barguna masu nauyi, tajin da shayin na'a-na'a, ga masallaci kusa. Washegari a dawo ta wata mashigar mafi sauƙi, Tizi Udit. Inda ake shan wuya shi ne gangaren bayan Tizi n'Mzik, mai tsakuwa da ke zamewa ƙarƙashin ƙafa. A nan ake sauke yaro daga alfadari ya taka da kansa, babba na gabansa.

Sai ita ƙololuwar. Ranar farko daga mita 1,740 zuwa masaukan da ke wajen mita 3,200, hawan kusan mita 1,500, a kuma kwana a can. Shawarar likitocin tsaunuka ita ce idan an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Wannan tsari ya ninka haka kusan sau uku. Rana ta biyu a tashi kafin asuba cikin sanyi mai daskarar da ruwa, a hau kusan mita 1,000, a sauko fiye da 2,400 zuwa Imlil. Ƙaramin yaro ba ya iya cewa "kaina na sarawa", sai dai ya yi ta rigima, ya ƙi abinci, ya kasa barci, iyaye su ɗauka gajiya ce. Matashi ɗan shekara 14 zuwa sama da ya saba tafiya zai iya, da sharaɗin a mayar da ita kwana uku ko huɗu, a fara da Azzaden. Ƙasa da haka, a bari sai wata shekara.

Za a kuma yi maka tallan Setti Fatma a kwarin Urika, mai matsirga bakwai, a ce ta yara ce tunda kusa take. Hanyarta hawa ce da hannu da ƙafa a kan duwatsu masu santsi, ga cunkoso. Ba ta kai Arumd sauƙi ba.

Lokaci ya fi kyau daga Afrilu zuwa Yuni, sai Satumba da Oktoba. Da hunturu dusar ƙanƙara na rufe mashigai. A Yuli da Agusta hadari kan haɗo da la'asar, ruwan da ya sauka a sama ya iso kwari cikin ɗan lokaci ko da inda kake rana ake yi. Irin wannan ambaliya ce ta hallaka mutane masu yawa a Urika a Agusta 1995. Don haka a fita da ƙarfe bakwai, a dawo kafin uku, kuma kada a shimfiɗa tabarmar cin abinci a tsakiyar busasshen rafi. Girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta rusa gidaje da dama a waɗannan kwaruruka, saboda haka a nemi sabon hoton masauki kafin a biya.

Ɗan jagora a ɗauke shi a ofishin 'yan jagora na Imlil, a ga katinsa. A yi ciniki dalla-dalla tun kafin a ɗaura kaya: kuɗinsa na yini, kuɗin kowane alfadari da mai shi, abincin rana, da wanda zai biya mota idan an katse tafiya. A bayyana ko alfadarin na kaya ne ko na hawan yara, domin wanda aka labta wa jakunkuna ba ya ƙara ɗaukar mutum. Yara biyu ƙanana na bukatar nasu daban. A taho da dirhami, kuɗin Maroko, a hannu daga Marakesh.

Kaya ba su da yawa. Zafi na raguwa da wajen digiri 6 a kowane hawan mita 1,000, don haka riga uku marasa nauyi da ake cirewa ɗaya bayan ɗaya sun fi jibgegiyar rigar sanyi guda, a ƙara da ta ruwa. Takalmi mai ƙasa mai gurzo, wanda aka taka aƙalla mako biyu a gida; sabon takalmi bororo yake haifarwa tun kafin Arumd. Ruwa lita 2 ga babba, 1 zuwa 1 da rabi ga yaro, a riƙa tuna masa ya sha, domin sanyi na ɓoye ƙishirwa. Kada a sha na rafi komai haskensa, akwai ƙauyuka da dabbobi a samansa. Hula, man kare fata daga rana, dabino da gyaɗa a aljihu, da fakitin gishiri da sukari na gudawa. Jakar yaro kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa: mai kilo 25, jakarsa kilo 2 da rabi, wato gorar ruwansa da rigar ruwansa kawai, sauran a ɗora wa alfadari.